DIYYAR TASHI DA BASHIN BANKI: ABIN DA DOKA TA TANADA

Tun daga lokacin da aka datse kogin Kwara a Kainji, aka gama madatsar a 1968, aka ta da mutum kimanin 44,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Busa, babu wani babban aikin raya ƙasa da aka yi a Nijeriya wanda bai taɓa gida ko gonar wani ba. Madatsar Tiga, da ta Bakolori, da gina sabon babban birni a Abuja bisa dokar 1976, da hanyoyin mota da na jirgin ƙasa, dukansu sun sa an ce wa jama'a su tashi. Wanda aka ce ya tashi kuwa diyya yake jira. Maganar diyya ba ƙarama ba ce. Rikicin da ya auku a Bakolori cikin watan Afrilu na 1980, inda aka yi asarar rayukan manoma, a kanta ya samo asali.

A zamanin da, yawanci a hannu ake biyan mutum, ko a ba shi cak. Yanzu kuwa ta asusun banki akan biya. Wannan ya rage ɓacewar kuɗi a hanya, amma ya kawo wani kuka dabam. Mutum zai ji labarin kuɗinsa sun shiga, ya je ɗauka, a ce masa banki ya cire bashin da yake binsa. Wani rabi ya tarar, wani bai tarar da kome ba. Tambayar da kowa yake yi ita ce, shin banki yana da ikon yin haka? Amsa ita ce sau da yawa yana da shi. Amma ikon nan yana da iyaka, kuma ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san inda iyakar take.

MECE CE DIYYAR?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da mutum yake da shi iznin zama ne da amfani. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke wannan izni idan ana bukatar wurin domin amfanin jama'a, muddin an ba mai wurin sanarwa. A Birnin Tarayya Minista ne yake riƙe da wannan iko a madadin Shugaban Ƙasa. Sashe na 29 kuma ya ce a biya diyya.

Sai dai a lura da abin da ake biya wa. Ba ƙasar kanta ake saye ba. Ana ƙimanta abin da mutum ya kashe wa wurin ne: gini, da rijiya, da shinge, da itatuwa masu amfani, da shukar da ke gona. Gini akan lissafa abin da za a kashe a sake irinsa, sa'an nan a rage gwargwadon tsufansa. Idan an yi jinkirin biya, doka ta ce a ɗora ruwa bisa ƙimar banki. Saboda ragin tsufan nan ne diyyar gidan ƙasa na shekara 30 ba safai take isa a gina sabo ba, tun kafin wani ya taɓa ta.

Da zarar an biya, kuɗin sun zama dukiyar wanda aka biya, daidai da kuɗin gyaɗarsa ko na sa da ya sayar. Dokar 1978 ba ta keɓe su daga masu bin bashi ba. Ga misali, dokar fansho ta 2014 ta hana a kama kuɗin da ke cikin asusun fanshon ma'aikaci domin biyan bashi. Kuɗin diyyar tashi ba a yi musu irin wannan katanga ba. Ana iya ganin wannan da tsanani, gama diyya madadin rufin kan mutum ce, ba riba ba ce. Amma kuɗin da banki ya ranta ajiyar wasu mutane ce, su ma za su zo nema. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tashin gari bai fitar da shi ba.

IDAN WURIN YANA JINGINE

Mutane da yawa suna tsammanin idan Gwamnati ta karɓi gonar da aka jinginar wa banki, to, bashi ya bi ruwa tare da gonar. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar rance abu biyu ce a haɗe: alkawarin biya, da kuma abin da aka ajiye domin tabbatar da alkawarin. Soke iznin ƙasa yana rushe na biyun kawai. Alkawari yana nan, ruwa kuma yana ci gaba da hawa.

To, wa Gwamnati za ta miƙa wa diyyar, mai gona ko banki? Sashe na 29 ya ambaci mai riƙe da izni da mai zaune a wurin. Sashe na 51 kuma, wanda ya fassara kalmomin dokar, ya fito fili ya ce wanda aka jinginar wa wuri ba ya cikin masu riƙe da izni. Watau a ƙarƙashin wannan doka banki ba zai je ofishin ƙasa ya ce a ba shi kuɗin kai tsaye don kawai takardar filin tana hannunsa ba. Bankuna sun san da wannan giɓi, shi ya sa lauyoyinsu sukan sa sharaɗi cikin takardar jingina cewa duk diyyar da za a biya a kan wurin mai rance ya sallama wa banki ita, ko kuma ya riƙe ta amana har a biya bashi. Wanda ya sa hannu a kan irin wannan ya ɗaure kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba. Sai fa idan bai iya karatu ba. A nan Dokar Kare Marasa Karatu ta bukaci wanda ya rubuta takardar ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar an karanta wa mutumin an kuma bayyana masa kafin ya dangwala yatsa. Idan ba a yi haka ba, lauya yana da abin faɗa a gaban alƙali.

Akwai kuma maganar amincewar hukuma. Sashe na 22 ya hana a jinginar da wurin da ke da iznin Gwamna sai da yardarsa. Wanda ke ƙarƙashin iznin gargajiya kuwa, sashe na 21 ya bukaci yardar ƙaramar hukuma. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda ba a nemi yardar Gwamna ba. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Rushe jingina yana hana banki sayar da wurin ne ta hanyar takardar. Kuɗin da aka karɓa ana binsu har gobe.

CIREWA DAGA ASUSU

Hanyar da ta fi sauƙi ga banki, wadda kuma aka fi kuka da ita, ita ce ya cire kuɗinsa da kansa. Dalilinta a doka shi ne, duk abin da mutum ya zuba a banki, banki ya zama mai riƙe masa bashi. Idan kuwa shi ma mutumin banki yana binsa, sai a haɗa lissafin biyu a ga wa ya rage yana bin wani. Ba a bukatar hukuncin kotu kafin a yi haka, kuma kusan kowace takardar rance tana da layin da ya ba da wannan izni. Ba ya hana a ce an ci bashin a reshen Yawuri ne, diyya kuwa ta shiga reshen Kwantagora, domin rassan banki ɗaya a idon doka mutum ɗaya ne.

Sharuɗɗan su ne waɗannan. Tilas lokacin biyan bashin ya riga ya yi. Rancen da aka yi alkawarin biya bayan kaka ba a cire shi da damina, sai in takardar ta ce haka. Tilas adadin ya zama sananne. Tilas kuma kuɗin su zama na mai bashin ne shi kansa, ba waɗanda banki ya san amanar wasu ce a hannunsa ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar mutanen karkara, don haka za mu tsaya a kansa. Gonaki da gidaje da yawa na gado ne da ba a raba ba. In ma'aikatan ƙidaya suka zo, sai a rubuta sunan babban wa, shi ne mai lambar asusu, shi ne ya saba da ofis. A ɗauka, alal misali, 'yan'uwa maza 5 suna da gona ɗaya, aka ƙimanta itatuwa da shukarta Naira 1,800,000. Rabon kowa Naira 360,000 ke nan. Babbansu ya taɓa cin rancen taki da injin ban ruwa Naira 400,000, ruwa ya hau har ya kai Naira 520,000. Ranar da kuɗin suka shiga asusunsa, banki ya cire 520,000. Ya cinye rabonsa duka, ya kuma shiga cikin na ƙannensa da Naira 160,000, alhali ba su ci kobo ba. Banki kuwa zai ce shi sunan mutum ɗaya ya gani a kan asusu, sunan mutum ɗaya a kan takardar biya, ba wanda ya gaya masa akwai haƙƙin wasu a ciki. A kotu wannan hujja tana da ƙarfi. Zumunci da yawa ya lalace ta nan, wa ya rasa bakin magana a gaban ƙanne da matansu.

Maganin abin tun ranar ƙidaya yake. A nemi ma'aikata su rubuta sunan kowane magaji da rabonsa, a biya kowa ta asusunsa. In hakan ba ta yiwu ba, a buɗe asusu dabam da sunan da ya nuna na iyali ne, a rubuta wa manaja wasiƙa kafin kuɗi su shiga cewa amana ce ta magadan wane, a haɗa da takardar rabon gado daga kotu in akwai, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Haka nan mai gari ko shugaban ƙungiya da za a biya diyyar makiyaya, ko kasuwa, ko maƙabarta ta hannunsa, kamar yadda sashe na 29 ya yarda a yi: kada ya kuskura ya bari kuɗin jama'a su shiga asusunsa na kansa.

SAUYA BANKI BA YA ƁOYE KUƊI

Da can mai bashi yakan ba da lambar wani banki dabam ya tsira. Wannan ƙofa ta rufe. A 2014 aka fara ba kowane mai hulɗa da banki lambar BVN, wadda ta haɗa dukan asusunsa wuri ɗaya. Daga 1 ga Agusta, 2020, Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da wani tsari da ake kira GSI a taƙaice, watau umarnin da mai rance yake sa wa hannu tun ranar karɓar kuɗi cewa in ya kasa biya a ɗauka daga duk inda yake da ajiya, har da asusun haɗin gwiwa da sunansa yake ciki. A farkon 2022 aka ƙara cewa ana iya ci gaba da neman kuɗin ba tare da ƙayyade sau nawa ba, har a gama biya.

Ka'idojin tsarin sun ce hanya ce ta ƙarshe, bayan an nemi mutum ya biya bai biya ba. Sun ce uwar kuɗi da ruwan da ya hau kaɗai za a cire. Tarar jinkiri ba ta ciki. Sai da umarnin da mai rance ya sa wa hannu ake amfani da shi. Bankin da ya yi amfani da shi bisa kuskure tilas ya mai da kuɗin, kuma akwai tara a kansa. Saboda haka wanda aka cire wa kuɗi ta wannan hanya yana da ikon ya ce a nuna masa takardar da ya sa wa hannu.

Zuba diyya a asusun mata ko ɗa domin guje wa banki ba shawara ce mai kyau ba. Kotu tana iya bin sawun kuɗin in ta tabbata don a zalunci mai bin bashi aka yi, sunan mutum kuma ya shiga rajistar marasa biya, ya nemi rancen noma nan gaba a hana shi.

TA HANYAR KOTU

In babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan, sai banki ya kai ƙara. Za a aiko da sammaci. Babban kuskuren da mutane suke yi shi ne ƙin zuwa, musamman waɗanda tashi ya warwatsa, har a yanke hukunci a bayan idonsu. Bayan hukunci ne banki yake iya roƙon kotu ta tare kuɗin mai bashi da ke hannun wani, bisa sashe na 83 na dokar zartar da hukuncin kotu. Umarnin yana zuwa hawa biyu. Na farko na wucin gadi ne, ya daskarar da kuɗin. Tilas a isar da shi ga mai riƙe da kuɗin da kuma mai bashin aƙalla kwana 14 kafin ranar sauraro. Na biyu shi ne na ƙarshe, wanda ya ce a biya. Tsakanin biyun nan ne duk wanda yake da haƙƙi cikin kuɗin, kamar ƙannen da muka ambata, ya kamata ya sa lauya ya sanar da kotu. In aka yi na ƙarshe, sai ɗaukaka ƙara, ita kuwa tana cin kuɗi da lokaci.

Idan diyyar ba ta riga ta fita daga hannun ma'aikacin Gwamnati ba, sashe na 84 na dokar ya ce sai an sami yardar Antoni-Janar na Tarayya ko na jiha kafin a tare ta.

Dokar ta hana ma'aikacin kotu ɗaukar tufafi, da shimfiɗa, da kayan sana'ar mutum, amma har zuwa ƙimar Naira 10 kawai. Tsohon adadi ne da zamani ya bari a baya. Yau ko allura ba zai kare ba. Sabon gidan da mutum ya gina kuwa ba a taɓa shi sai an nemi kayan da ake iya ɗauka ba su isa ba, kuma sai da iznin Babbar Kotu.

ABIN DA BA A YARDA DA SHI BA

Bashi ba laifi ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duka sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana a kama wani a madadin wani. Sai in akwai zamba, kamar jinginar da gonar da ba ta mutum ba, ko takardar jabu.

Ba a cire bashin miji daga asusun matarsa, ko na uba daga na ɗansa, don dangantaka kawai. Amma wanda ya tsaya wa mai rance a rubuce, ana binsa kamar shi ya ci, kuma diyyarsa tana iya tafiya a kan bashin da bai ga ko sisinsa ba. In mai bashi ya rasu, daga abin da ya bari ake biya kafin a raba gado, har da diyyar da ta fito da sunansa. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa sun dace a kan wannan. In dukiyar ba ta isa ba, ba a bin magada cikin aljihunsu.

Manoman da suka ci rance ƙarƙashin Asusun Lamunin Rancen Noma, wanda aka kafa a 1977, sukan ce ai Gwamnati ta tsaya musu. Asusun yana biyan banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale, amma bai yafe wa manomi ba. Ana ci gaba da binsa. Haka rancen shirin manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a 2015: rance ne, ba kyauta ba.

KAFIN KUƊI SU FITO

Tsakanin ƙidaya da biya akan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Mai bashi ya yi amfani da wannan lokaci. Ya je banki ya nemi cikakken lissafin bashinsa a rubuce, daga ranar farko. Ya sami wanda ya san lissafi ya duba, gama Babban Banki yana da jadawalin abin da aka yarda banki ya caza, kuma abin da ya wuce haka ana mai da shi. Sa'an nan ya kai takardar sanarwar tashi ya nemi sulhu: a yafe tara, a karɓi wani kashi daga diyya, a shimfiɗa sauran zuwa kaka biyu ko uku. Doka ba ta tilasta wa banki ya yarda ba, amma manomin da aka bari da abin sayen sabuwar gona ya fi yiwuwa ya biya sauran. Duk abin da aka shirya a rubuta shi, manaja ya sa hannu. Maganar baki ba ta hana na'ura cirewa.

Tsohon bashi yana bukatar hattara. Dokokin jihohi sun ƙayyade lokacin da za a iya kai ƙara a kan bashi, shekara 5 a wasu jihohi, 6 a wasu. Amma amsa bashin a rubuce, ko biyan wani abu daga ciki, yana sa lissafin shekarun ya koma farko. Wanda aka zo wa da bashin shekara 10 ya ga lauya kafin ya sa hannu a kome.

Sashe na 33 na dokar 1978 ya ba Gwamna ko ƙaramar hukuma damar ba da matsuguni maimakon kuɗi, ga wanda gidan zamansa ya shiga aikin. Ga mai bashi wannan abin dubawa ne, tun da gida ba ya shiga asusu. Sai dai wanda ya karɓa ya sani ba shi da sauran neman diyya a kan wurin, kuma idan sabon gidan ya fi tsohon daraja, ana iya shirya bambancin ya zama rance da zai biya Gwamnati.

INDA AKE KAI KUKA

Kukan ƙarancin diyya dabam, kukan cirewar banki dabam, kowanne da ƙofarsa. Na farko Kwamitin Amfani da Rabon Ƙasa na jiha ake kai wa, bisa sashe na 30. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba mutum ikon zuwa kotu a kan haƙƙinsa da adadin da aka biya shi. Na biyu ana fara shi da wasiƙa zuwa ga bankin, a karɓi lambar shaidar shigar da kuka. In bankin bai warware ba, sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Banki na Babban Bankin Nijeriya, wanda yake da reshe a manyan biranen jihohi. Ba a biyan kome. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta 1975. Ya tafi da takardar rance, da rasit na duk abin da ya biya, da takardar ƙidayar da aka ba shi, da lissafin asusu mai nuna ranar da kuɗin suka shiga da ranar da aka cire.